Guduma a Hannun Wa? Nazari Kan Ziyarar Babban Shugaban Firimeson Zuwa Rassan Jiharsa

A ƙasar Amurka kowace jiha tana da tata babbar majalisar ƙungiyar Firimeson, kuma babu wata majalisa ta ƙasa baki ɗaya da take bisansu. Kowace majalisa tana zaɓen Babban Shugaba, ɗaya daga cikin manyan ayyukansa kuwa shi ne zagaya rassan ƙungiyar, waɗanda suke kira loj, a ziyarar aiki. Jaridun ƙananan garuruwa sukan ba da labarin a taƙaice: shugaba ya zo, an ci abinci, an ba tsofaffi lambar yabo, an ɗauki hoto. Wanda ya karanta zai ɗauka liyafa ce kawai.

Mun sa wannan ziyara cikin darussanmu saboda dalilai biyu. Na fari, ikilisiyoyin da suka aiko mana da masu bishara sun daɗe suna fama da tambayar ko mai bi zai iya zama ɗan loj, tambayar kuma takan iso gaban fasto a ƙasarmu. Na biyu, ranar ziyara ce ƙungiya take nuna ainihinta. In kana so ka san abin da jama'a suka ɗauka da muhimmanci, dubi abin da shugabansu yake zuwa dubawa, ka kuma dubi wanda ake miƙa wa iko sa'ad da ya shigo.

Asalin tsarin

Firimeson ta zamani ta soma ne a Landan a 1717, lokacin da loj huɗu suka haɗu suka kafa babbar majalisa. A 1723 aka buga littafin dokokinta, wanda James Anderson, limamin Firesbiteriya, ya tsara. Ƙungiyar ta ari sunaye da kayan aikin magina, wato guduma, ma'aunin kusurwa da kamfas, ta mai da su alamun koyar da hali. Daga Ingila ta bazu zuwa Amurka tun kafin ƙasar ta sami 'yancin kai.

Bari mu ɗauki jihar Teksas a matsayin misali. An kafa babbar majalisarta a birnin Houston a watan Disamba 1837, sa'ad da Teksas take ƙasa mai zaman kanta. Sam Houston, shugaban ƙasar a lokacin, shi ya jagoranci taron, aka zaɓi Anson Jones ya zama Babban Shugaba na farko. Jones ɗin nan shi ne daga baya ya zama shugaban ƙasar Teksas na ƙarshe kafin ta shiga tarayyar Amurka. Yau hedkwatar majalisar tana garin Waco, tana da ɗaruruwan rassa, ana kuma zaɓen Babban Shugaba kowace shekara. Da yake mutum ɗaya ba zai iya taka kowane reshe cikin shekara guda ba, an raba jihar gunduma gunduma, kowace gunduma da wakilin shugaba wanda yake kai ziyarar aiki a madadinsa, ya kuma kai masa rahoto.

Yadda ake karɓar baƙon

Ƙananan abubuwa sukan bambanta daga jiha zuwa jiha, amma ƙashin bayan tsarin ɗaya ne. Ana buɗe taro ƙofa a rufe, mai gadi yana waje da takobi. A tsakiyar ɗakin akwai bagade, a kansa an buɗe littafin addini, galibi Littafi Mai Tsarki, an ɗora ma'aunin kusurwa da kamfas a bisansa. Shugaban reshe yana zaune a gefen gabas da hula a kansa da 'yar guduma a hannunsa. In aka sanar da isowar Babban Shugaba, sai a tura tsofaffin shugabanni su rako shi. Shugaban reshe ya buga guduma sau uku, kowa ya miƙe. A kai baƙon gaban bagade, a gabatar da shi, a yi masa gaisuwar girma ta musamman da hannuwa, sa'an nan a hau da shi gabas. Nan shugaban reshe zai cire hularsa ya miƙa masa guduma. Ma'anar wannan a fili take: muddin baƙon yana ɗakin, iko nasa ne. In ya ga dama ya jagoranci taron, in ya ga dama ya mayar da gudumar.

Shi da wakilansa sukan duba littafin rahoton taro, littafin kuɗi, biyan kuɗin shekara da kowane reshe yake aika wa majalisa bisa yawan membobinsa, da kuma ko ma'aikatan reshe sun haddace kalmomin bikin shigar da sabon mutum daidai. Babban Shugaba yana da ikon karɓe takardar izinin reshe in ya ga an kauce. Bayan haka sai ba da lambar yabo ga waɗanda suka cika shekara 50 a ƙungiya, sai jawabi, sai addu'ar rufewa, sai abinci.

Abin da ya kamata mu faɗa da gaskiya

Mai suka da bai yi adalci ba, shaidar zur yake yi. Saboda haka mu fara da abin da yake daidai.

Zumunta a ƙafa take, waɗannan mutane kuwa sun riƙe wannan. Shugaba yakan yi tafiya mai nisa zuwa ƙaramin gari domin tsofaffi ashirin. Ana buɗe littafin kuɗi a gabansa, ba wanda yake cewa an raina shi don an nemi ganin rasit. A jihohi da yawa shugaban shekara ɗaya yake yi ya sauka, ba rigima. Aikinsu na taimako ma ba ƙarya ba ne. A Dallas akwai asibitin yara da 'yan ƙungiyar suka kafa a 1921 domin masu shan inna, wani reshe nasu kuma da ake kira Shriners ya buɗe asibitinsa na farko na yara a Shreveport a 1922.

Haka kuma akwai zargin da bai kamata ya fito daga bakin fasto ba. Laƙabin da ake kiran shugaban da shi a Turanci ya fito daga kalmar da yau ake amfani da ita ga sujada, amma a tsohon Turanci ma'anarta girmamawa ce, har yau ma ana kiran wasu magadan gari a Ingila da irinsa. Labaran bautar Shaiɗan da suka yaɗu a Turai, da yawansu wani ɗan Faransa mai suna Léo Taxil ne ya ƙirƙiro su, shi da kansa kuma ya tsaya a gaban jama'a a Faris a 1897 ya ce yaudara ce. Wanda ya hau mumbari da irin wannan labari, ranar da ɗan loj mai ilimi ya ƙaryata shi, sauran gaskiyar da ya faɗa ma za ta zube. Ba mu bukatar jita-jita. Abin da ƙungiyar take yi a ranar ziyara, wanda ita kanta ta rubuta a littattafanta, ya ishe mu nazari.

Inda matsalar take

Abu na farko shi ne bagade. Ƙungiyar tana cewa ita ba addini ba ce. Amma ɗakin da ake karɓar baƙon yana da bagade, da mai addu'a da aka naɗa, da littafi mai tsarki a buɗe, kuma ba a karɓar wanda bai gaskata da Allah ba. Ana kiran Allah da sunan Babban Mai Tsara Ginin Duniya, domin Kirista da Bayahude da Musulmi da Bahindu su iya cewa amin tare, kowa da wanda yake nufi a zuciyarsa. Domin kiyaye wannan, al'adar da aka fi bi ita ce a yi addu'a ba tare da ambaton Yesu ba, an kuma hana muhawarar addini a cikin taro. Zama lafiya da maƙwabta na wani addini wajibi ne a kanmu, muna kuma yinsa a kasuwa, a makaranta da majalisar gari. Amma durƙusawa a bagade wani abu ne dabam. Yohanna 14:6 da 1 Timoti 2:5 sun koya mana cewa hanyar zuwa wurin Uba ɗaya ce, matsakanci kuma ɗaya ne. Dattijon da ya raba Jibin Ubangiji ranar Lahadi, ranar Talata kuma ya tsaya a bagaden da aka shirya domin a iya yin sujada ba tare da Almasihu ba, yana ba da shaida biyu da suke karo da juna.

Abu na biyu shi ne rantsuwa. Biyayyar da ake nunawa sa'ad da aka miƙa guduma ba ladabi kaɗai ba ne, tana da tushe a rantsuwa. Matakan shiga uku ne, a kowanne mutum yakan durƙusa, hannunsa a kan littafin, ya rantse zai ɓoye asirai. A mataki na uku yakan ƙara da alkawarin bin dokokin babbar majalisa da amsa kiranta. Yana rantsewa ne kafin a nuna masa abin da zai ɓoye. Tsofaffin kalmomin rantsuwar sun haɗa da hukunci mai ban tsoro, kamar yanke maƙogwaro. 'Yan ƙungiyar suna cewa wannan misali ne kawai, babbar majalisar Ingila ma ta cire shi daga cikin rantsuwar a 1986. To, in da gaske ake faɗa, mugun abu ne. In kuwa wasa ne, an kira sunan Allah a kan wasa. Matiyu 5:33-37 da Yakubu 5:12 sun nuna cewa maganar mai bi ya kamata ta tsaya da kanta ba tare da irin wannan ƙari ba.

Abu na uku shi ne begen da ake bayarwa. Tsohon da ake maƙala wa lambar shekara 50, tun ranar shigarsa aka ba shi farar fatar ɗan rago ya ɗaura a ƙugu, aka gaya masa alama ce ta tsabtar rai, wadda ake bukata domin shiga babban loj na sama. Ranar jana'izarsa za a ɗora fatar nan a kan akwatinsa, 'yan'uwansa na loj su yi masa nasu bikin. Duk wanda ya saurari wannan zai fahimci cewa kyakkyawan hali ne yake buɗe ƙofar sama. Afisawa 2:8-9 ta koya mana akasin haka. A nan ne batun ya fi nauyi, domin mutum zai iya kai shekara tamanin yana jingine da farar fata, bai taɓa jingina da jinin Ɗan Rago ba, fastonsa kuma bai taɓa tambayarsa ba.

Abu na huɗu shi ne ƙofa. Wane ne yake waje sa'ad da ake karɓar baƙon? Matar mutum tana waje, domin waɗannan rassa maza kaɗai suke ɗauka. Ɗan'uwansa cikin Almasihu wanda bai shiga ba yana waje. Shekaru masu yawa baƙar fata ma suna waje. Prince Hall da abokansa a Boston sun sami takardar izini daga Ingila a 1784, amma majalisun farare na Amurka suka ƙi amincewa da su har kusan shekara ɗari biyu. Jihar Konetikat ce ta buɗe hanyar amincewa mai ɗorewa a 1989, Teksas kuwa sai a 2007. Ikilisiyoyin Amurka ma sun yi zunubin wariyar launin fata, ba mu ɓoye wannan ba. Amma bishara tana da abin da ya hukunta su daga ciki, kamar yadda Bulus ya tsauta wa Bitrus a fili a Antakiya sa'ad da ya janye daga cin abinci da al'ummai. Ubangijinmu kuma ya shaida wa babban firist cewa koyarwarsa a sarari ya yi ta, kamar yadda Yohanna 18:20 ta nuna.

Abin da ikilisiyoyi suka yanke

Ikilisiyar Katolika ta hana 'ya'yanta shiga tun 1738 ta bakin Paparoma Clement na 12, ta sake jaddadawa a 1983 da 2023. A Amurka, Charles Finney, mai wa'azin farkawa wanda shi kansa ya taɓa zama ɗan loj, ya rubuta littafi yana sukar ƙungiyar a 1869. Ikilisiyar Christian Reformed, wadda 'yarta Johanna Veenstra ta yi aikin bishara a yankin Takum, ta ƙaru ƙwarai a 1882 sa'ad da jama'a suka fice daga wata ɗariƙa domin ta ƙi hana shiga loj, har yau kuma matsayinta shi ne ba a haɗa biyun. Ikilisiyar 'Yan'uwa ta Amurka, uwar EYN, tun ƙarni na 19 ta ƙi rantsuwa da ƙungiyoyin asiri. Babban taron Ikilisiyar Ingila ya karɓi rahoto a 1987 wanda ya nuna manyan dalilan shakkar jituwar biyun.

Baftis na kudancin Amurka, waɗanda suka fara aiki a ƙasar Yarabawa a 1850, sun bi wata hanya. A taronsu na 1993, a birnin Houston ɗin nan da aka kafa majalisar Teksas, sun yaba aikin taimakon ƙungiyar, suka lissafa abubuwa takwas da ba su dace da bangaskiyar Kirista ba, sa'an nan suka bar shiga ga lamirin kowa. A ganinmu wannan hukunci bai kai inda hujjarsa ta nufa ba. In abubuwa takwas sun saɓa wa bangaskiya, barin ɗan garke shi kaɗai da lamirinsa sauke nauyin kiwo ne. Ba a manta ba kuwa cewa a lokacin akwai fastoci da dikinoni da yawa na ɗariƙar a cikin loj. Ikilisiyar da ta yi shiru har manyanta suka shiga, da wuya ta iya magana daga baya.

A gida Najeriya

Turawan mulkin mallaka da 'yan kasuwa sun kawo loj Legas tun ƙarni na 19. A 1914 wani limamin Angilikan, T. A. J. Ogunbiyi, ya kafa ƙungiyar da aka sani yau da Reformed Ogboni Fraternity, wadda ita ma take da shugaba na ƙasa da rassa a garuruwa, tana kuma cewa ita ba ƙungiyar asiri ba ce. Sashe na 38 na Tsarin Mulkin 1999 ya bayyana cewa 'yancin addini bai ba kowa damar kafa ko shiga ƙungiyar asiri ba. Amma aikin fasto ba shari'a ba ne, kada kuma mu zuba kowa a buhu ɗaya. Ƙungiyar ci gaban gari, adashi, Rotary da ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ba loj ba ne. Tambayoyi huɗu sun isa awo: akwai bagade da addu'ar da aka cire Almasihu? Akwai rantsuwa kan abin da ba a sani ba? Ana ba da begen lahira bisa hali? Akwai biyayyar da take gaba da ta ikilisiya da ta iyali?

In ɗan ikilisiya ya zo ya ce yana ciki, kada a fara da sanarwa a gaban jama'a. Da yawa sun shiga ne domin neman aiki, ƙarin girma, ko wanda zai tsaya wa iyalinsu in sun mutu. A zauna da shi, a buɗe Littafi tare, a nuna masa daga Littafin Firistoci 5:4-6 cewa tun a Tsohon Alkawari akwai hanyar tuba ga wanda ya yi rantsuwar ganganci. A ba shi lokaci, a hana shi riƙe muƙami har ya yanke, ikilisiya kuma ta shirya cike gurbin taimakon da zai rasa.

Ziyarar manzanni, da tamu

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mu ma muna da ziyarar aiki: ta bishop, ta shugaban gunduma, ta sakataren majalisa. Ma'aunin da muka auna loj da shi, da shi za a auna mu. Mene ne baƙonmu yake zuwa dubawa, wa kuma ake miƙa wa iko?

A Ayyukan Manzanni 15:36 Bulus ya shawarci Barnaba su koma biranen da suka yi wa'azi domin su ga yadda 'yan'uwa suke. Mutane ya je gani. A sura ta 20, da ya kira dattawan Afisa zuwa Militus, ya tuna musu da hawayensa, da koyarwarsa gida gida, da yadda hannuwansa suka ciyar da shi bai yi ƙyashin kayan kowa ba, ya kuma gargaɗe su game da kyarketai. A 1528 Martin Luther ya shiga cikin masu zagaya ikilisiyoyin ƙauyukan Saksoni, ya tarar jama'a da wasu limamai ba su san ko tushen bangaskiya ba. Abin da ziyarar ta haifa shi ne katikism guda biyu da ya rubuta a 1529.

A wurare da yawa ziyararmu ta fi kusa da ta Waco fiye da ta Militus. Ana rataya wa ƙaramar ikilisiya kuɗin karɓar baƙo wanda ya fi baikonta na wata biyu. Zumuntar mata su kwana a madafa, a ɗinka anko, a jera laƙabi kafin suna, a cika but ɗin mota da doya da kaji. Baƙo ya tambayi kason da ake aikawa hedkwata, ya yi wa'azi, ya tafi, bai shiga gidan gwauruwa ko ɗaya ba, bai tambayi mai bishara na ƙauye watanni nawa yake bin albashi ba, bai ji ko yaran ajin baftisma sun gane abin da suke haddacewa ba. A wani fannin ma loj ta fi mu, domin can ana buɗe littafin kuɗi, shugaba kuma yana sauka a kan lokaci. Mutumin da bai sami ɗan'uwa a ikilisiya ba zai neme shi a wani wuri, loj kuwa tana da kujera dominsa.

Yawan 'yan Firimeson a Amurka ya haura miliyan huɗu a 1959, yau bai kai miliyan ɗaya ba, ko da yake ba a fasa karɓar shugabanni da girma ba ko shekara guda. Wannan gargaɗi ne gare mu: kyan tsari da yawan biki ba sa riƙe jama'a. 1 Bitrus 5:1-4 ta sa mu kiwon garke ba don riba ba, ba kuma da nuna iko ba, da sanin cewa akwai Babban Makiyayi da zai zo ya duba aikinmu. Gudumar ikilisiya tasa ce. Fasto ba shi da ikon miƙa ta ga wani, mai ziyara kuma ba shi da ikon karɓa.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Ta yaya za ka bayyana wa dattijo bambancin zama tare da mai wani addini a taron gari da durƙusawa tare da shi a bagade?
2. In iyalin mamaci suka nemi wata ƙungiya ta yi nata bikin a jana'izar da kake jagoranta, me za ka yi, yaushe kuma ya kamata a yi wannan magana?
3. Me tsarin mulkin ɗariƙarku ya ce game da ƙungiyoyin asiri, yaushe kuma aka koyar da shi a ajin baftisma?
4. Rubuta abubuwa biyar da mai ziyara ya kamata ya duba a ikilisiyarku, ka kwatanta su da abin da aka duba a ziyarar da ta wuce.
5. Nawa ziyarar ta ci, wa kuma ya ɗauki nauyin?